Sifana, Allura da Kunne: Masu Riƙe Muryar Fiyano

A farkon shekarun 1960, kantin Eaton na birnin Toronto a ƙasar Kanada ya tura wani ma'aikacinsa gidan wani abokin ciniki mai wuyar sha'ani. Sunan ma'aikacin Verne Edquist, sana'arsa saita fiyano, kuma tun haihuwa ganinsa bai wuce dishi-dishi ba. Mai gidan shi ne Glenn Gould, makaɗin da kiɗan Bach da ya ɗauka a faifai a 1955 ya riga ya kai sunansa ko'ina. Aikin da aka kira Edquist ya yi ƙarami ne: ya ɗaɗɗaure tsirkiyoyin wani tsohon fiyano ƙirar Chickering na shekarar 1895, wanda Gould ke ji da shi ƙwarai. Edquist ya buɗe, ya tattaɓa, ya saurara, sai ya ce ba zai saita ba. A ganinsa fiyanon gyara yake bukata, saiti kawai ba zai yi masa maganin komai ba.

Gould bai saba jin a'a daga bakin masu yi masa aiki ba. Amma daga wannan ƙin aka ƙulla alaƙar da ta kai kusan shekara ashirin, Edquist ya zama mai kula da fiyanon da Gould ya fi ƙauna a rayuwarsa, wani babban Steinway mai lamba CD 318. Masu sauraron faifan Gould sun san sunan mutum ɗaya. Abin da ke shiga kunnensu kuwa aikin hannun mutum biyu ne, kuma bai kamata a ci gaba da ɗaukar na biyun a matsayin yaron aike ba.

Tan ashirin a cikin akwati

Mai garaya shi ke ɗaure tsirkiyoyinsa biyu, in sun saki ya ja su kafin ya fara kiɗa. Makaɗin fiyano ba shi da wannan gatan. A gabansa akwai maɓallai 88, farare 52 da baƙaƙe 36, a bayansu kuma tsirkiyoyin ƙarfe kusan 230. Muryoyin sama da na tsakiya kowace tana da tsirkiya uku. Na ƙasa suna da biyu ko ɗaya, kaurara, an nannaɗe su da wayar tagulla. Kowace tsirkiya an ja ta da ƙarfin da ya kai kilo 70 zuwa 90. In aka tara su duka, babban fiyanon dandali yana ɗauke da ja na wajen tan 20, dare da rana, ko ana kaɗa shi ko yana rufe.

Katako kaɗai ba ya iya wannan dako. Fiyanon farko, wanda Bartolomeo Cristofori ya ƙera a birnin Florence na Italiya wajen shekarar 1700, siraran tsirkiyoyi ne da shi, muryarsa ba ta wuce ɗaki ba. Uku daga cikin na hannunsa suna nan har yau, a New York da Roma da Leipzig. Sai da Alpheus Babcock na Boston ya yi rajistar firam ɗin ƙarfen zubi guda ɗaya a 1825, sannan masu ƙira suka sami abin da zai jure ja mai yawa. A 1859 gidan Steinway ya yi rajistar gitta tsirkiyoyin ƙasa a kan na tsakiya a fiyano na kwance, wanda ya ba su tsayi ba tare da an ƙara girman akwatin ba. Daga nan muryar fiyano ta isa cika zauren mutum dubu biyu, daga nan kuma saitinsa ya fi ƙarfin mai shi, ya zama sana'a mai zaman kanta.

Sana'ar kashi huɗu ce, ko da yake mutane duk saiti suke kiranta. Akwai ɗaure tsirkiya, akwai daidaita injin da ke tsakanin yatsa da tsirkiya, akwai gyaran amo a kan gudumomi, sannan akwai gyara na ainihi in wani abu ya karye ko ya tsufa.

Lissafin da ya ƙi cika

Kowace tsirkiya tana naɗe a jikin wata ƙusar ƙarfe da aka dasa cikin katako mai tauri, falle a kan falle an manne. Babu noti, babu makulli. Matsin katakon kaɗai ke riƙe ƙusar. Mai saiti yana ɗora mata sifana mai dogon hannu ya juya, kuma juyin da ake bukata sau da yawa ido ba ya ganinsa. Wahalar ita ce ƙusar tana murɗewa a sama kafin gindinta ya motsa, ita kuma tsirkiyar tana bi ta wurare da dama da ke riƙe ta. Ɗan koyo zai kai muryar daidai, ya saki sifana, makaɗi ya doki maɓallin da ƙarfi sau ɗaya, komai ya zame. Gwani yana ɗan wuce inda yake so, ya dawo da ƙusar ta zauna, sannan shi da kansa ya doki maɓallin da ƙarfi ya ji ko za ta gusa. Wannan zaunar da ƙusa shi ne abin da ke cin shekaru kafin hannu ya iya.

Ana farawa da murya ɗaya, wadda ake kira A, ta tsakiyar fiyano. Ma'auninta kaɗawa 440 a daƙiƙa, adadin da wani taro a Landan ya amince da shi a 1939. Kafin nan kowane gari da nasa, Faransa ma ta kafa 435 da doka a 1859. Abin da ake gwada ta da shi wani ɗan ƙarfe ne mai yatsu biyu, wanda John Shore, mai busa ƙaho a fadar Ingila, ya ƙirƙira a 1711.

Daga A ɗin nan sauran 87 za su fito, kuma a nan lissafi ke tsaya wa mutum a wuya. Kunne yana jin daɗin muryoyi biyu in kaɗawarsu ta dace da juna a sauƙaƙe. In ɗaya ta ninka ɗaya, 440 da 880, kamar murya guda ce a sama da ƙasa; wannan shi ne zango ɗaya. In uku ce a kan biyu, 440 da 660, ita ce tazarar biyar, mai tsabta kamar an wanke. To, in mutum ya hau tazarar biyar sau goma sha biyu a jere, maɓallan fiyano sun nuna ya kamata ya sauka daidai kan muryar da ya faro, zango bakwai a sama. Ba ya sauka. Zango bakwai ninki 128 ne, tazarar biyar sau goma sha biyu kuwa ta haura 129.7. Wannan ɗan rarar ba laifin maƙeri ba ne, haka lissafin yake tun asali, kuma dole a sami inda za a zuba shi.

Ƙarnuka da dama masu kiɗan Turai suna tura rarar cikin wasu tazarori da ba a cika amfani da su ba, waɗansu su yi daɗi sosai, waɗansu su yi kuka. Hanyar da ta yi rinjaye a ƙarshe ita ce a raba shi daidai wa daida tsakanin matakai goma sha biyu na kowane zango. Wani yarima masani a ƙasar Sin, Zhu Zaiyu, ya fitar da lissafin a 1584, Simon Stevin na Holan ma ya yi nasa kusan lokaci guda. A wannan tsari tazarar biyar daga A ba 660 ba ce, 659.3 ce. Tazarar uku, wadda tsabtarta 550 ce, ta koma 554.4. Wato duk fiyanon da aka ce ya saitu, in ban da zango, babu tazara ɗaya a jikinsa da ta cika. Aikin mai saiti shi ne ya karkatar da kowace gwargwadon rabonta, kada ya ƙara kada ya rage.

Yadda yake auna wannan karkata da kunne abin sha'awa ne. Muryoyi biyu da suka kusa dacewa amma ba su dace ba suna haifar da wani bugu a cikin sautin, yana tashi yana sauka. Mai saiti bugun yake saurara, ba daɗin kiɗa ba. A tsakiyar fiyano, tazarar uku daga F zuwa A ya kamata ta buga wajen sau bakwai a daƙiƙa, ta gaba da ita ta ɗan fi sauri, ta gaba ta ɗara, a jere ba tsalle. Tazarar biyar kuwa a hankali take bugu, ƙasa da sau ɗaya a daƙiƙa. Yana cusa tsirin ulu tsakanin tsirkiyoyin don ɗaya kawai ta yi magana a kowace murya, ya kafa zangon tsakiya, ya bazu sama da ƙasa, sannan ya zare ulun ya haɗa 'yan ukun kowace murya har bugu ya ɓace sarai a tsakaninsu. Mai sauraro na yau da kullum ba zai gane tazarar uku ta ɗan yi faɗi ba, amma 'yan uku da suka saɓa kowa yana jinsu.

Akwai sauran rina a kaba. Wayar ƙarfe tana da tauri, saboda haka ƙananan sautukan da ke hawa a kan babbar muryarta suna ɗan zarce inda lissafi ya ajiye su. In aka saita fiyano da lissafi zalla, saman zai yi kamar ya faɗi, ƙasan kuma kamar ya hau. Masu saiti sun daɗe suna ɗan buɗe zangunan ba tare da sun san dalili ba, har O. L. Railsback ya auna abin da suke yi a shekarun 1930 ya zana shi. Kowane fiyano da gwargwadon buɗewar da yake so. Ƙaramin na tsaye mai gajerun tsirkiyoyi kaurara ya fi babban na kwance wannan matsala, shi ya sa sau da yawa fiyanon falo mai araha ya fi na dandali ba mai saiti ciwon kai.

Daga Paris zuwa Brantford

Ba haɗari ba ne Edquist ya faɗa wannan sana'a. Hanyar wani Bafaranshe ne ya share ta, Claude Montal, wanda aka haifa a 1800, ya makance yana yaro, ya yi karatu a makarantar makafi ta Paris, inda Louis Braille ma ya yi. Shi da wani abokinsa suka warware wani tsohon fiyano gunduwa-gunduwa suka mayar da shi. A 1836 Montal ya buga littafi kan saita fiyano wanda ya zama abin dogaro, daga baya ya buɗe masana'antar ƙera nasa, gwamnatin Faransa ta ba shi lambar girma a 1851. Bayansa makarantun makafi a Turai da Amurka suka ɗauki saitin fiyano a matsayin sana'ar da suke koyarwa. A wuraren da har gobe ake ganin makaho ba shi da rabo sai bara, labarin Montal ya cancanci a riƙa ba da shi.

An haifi Edquist a 1931 a lardin Saskatchewan, cikin talauci, da yana a idanunsa biyu. Yana ɗan shekara takwas aka sa shi jirgin ƙasa zuwa makarantar makafi ta Brantford a lardin Ontario, tafiyar kwanaki daga gida. A can ya koyi saiti. Ya yi aiki a masana'antar fiyano a Toronto, inda sabon shiga ke farawa da jan sababbin tsirkiyoyi tun ba a sa musu maɓallai ba, fiyano bayan fiyano, har hannu ya faɗa. Yana da wata baiwa kuma: kowace murya da ya ji, da launin da take zo masa da shi.

Tsakanin yatsa da tsirkiya

Shi CD 318 an ƙera shi a masana'antar Steinway ta New York lokacin yaƙin duniya na biyu, aka kai shi Toronto, manyan makaɗa masu ziyara suka yi ta dukansa shekara da shekaru. A 1960 Gould ya ci karo da shi a bayan dandalin zauren Eaton, ya tsufa, ana shirin mayar da shi. Abin da ya kama Gould ba amonsa kaɗai ba ne, saurin amsa yatsa ne.

Wannan sauri daga inji yake fitowa, kuma injin fiyano abu ne na katako da ulu da fata da waya, dubban gutsattsari. Maɓalli yana nutsewa wajen milimita 10. A cikin wannan ɗan nutso guduma tana tafiyar wajen milimita 46, kusan ninki biyar. Saura milimita biyu ko ƙasa da haka ta isa tsirkiya, sai sandar da ke tura ta ta goce, gudumar ta ƙarasa ita kaɗai, ta doka, ta dawo, wani mariƙi ya cafke ta kafin ta sake tsalle. A daidai lokacin kuma ulun da ke danne tsirkiyar ya ɗaga, in an saki maɓalli ya koma ya kashe sautin. In gocewar ta yi wuri, makaɗi ba zai iya kiɗa a hankali ba, muryar za ta riƙa ɓace masa. In ta makara, gudumar ta manne wa tsirkiya ta shaƙe ta.

Kowane ɗayan waɗannan yana da sukurunsa ko wayarsa da ake lanƙwasawa, kuma sau 88 ake yi. Tsayin maɓallai ana daidaita shi da 'yan zobban takarda da ake sawa a ƙarƙashinsu, wasu ba su kai kaurin takardar littafi ba. Nauyin da ke sa maɓalli ya fara sauka yana kusa da giram 50, ana auna shi da 'yan duwatsun awo, ana gyara shi da dalmar da ke binne a jikin maɓallin. Ulu yana lotsewa da amfani, katako yana motsi da yanayi, saboda haka injin da aka daidaita bana, bayan 'yan shekaru sai an sake.

A nan ne na kwance da na tsaye suka rabu. A na kwance guduma daga ƙasa take dukan tsirkiya, nauyinta ya dawo da ita. Yana kuma da wata dabara da Sébastien Érard ya yi wa rajista a 1821, wadda ke ba makaɗi damar sake buga murya tun maɓalli bai gama tasowa ba. A na tsaye gudumar a miƙe take, gaba take duka, sai sifirin da wata 'yar igiya sun taimaka mata ta koma, kuma sai maɓalli ya kusa dawowa gaba ɗaya kafin ya sake amsawa. An ƙera shi don ɗakin da ba shi da fili da aljihun da ba shi da nauyi, ya kuma yi wannan aiki da kyau. Amma mai gyara ya san 'yan igiyoyin nan da sifirin su ne ke fara ruɓewa a tsohon fiyano na tsaye.

Gould ya daina fita dandali a 1964, yana da shekara 31, ya koma ɗakin ɗaukar sauti ɗungurungum. Ba ya bukatar ƙarar da za ta kai kujerar ƙarshe. Yana zama a wata guntuwar kujera da mahaifinsa ya gyara masa, ƙasa sosai, yana son kowace murya a kiɗan Bach ta fito ita kaɗai, tsaf, ba ta shafi 'yar'uwarta ba. Don haka ya sa aka matso da gudumomin CD 318 kusa da tsirkiya, aka rage nutson maɓallai, aka sauƙaƙa komai fiye da yadda masana'anta ta tsara. Ya sami saurin da yake nema, ya kuma sami abin da bai nema ba: a tsakiyar fiyanon wasu gudumomi suka riƙa komawa su sake taɓa tsirkiya, wata 'yar shaƙuwa da ake ji sarai a faifan ƙananan kiɗe-kiɗen Bach masu murya biyu da uku da ya ɗauka a 1964. Gould bai ɓoye ba, ya ambace ta a bayanin da ke jikin faifan, ya karɓe ta a matsayin kuɗin abin da ya saya. Edquist ne ya yi shekaru yana lallaɓa injin, yana rage shaƙuwar ba tare da ya kashe saurin ba, yana zaune a zauren Eaton cikin dare lokacin ɗaukar sauti, a shirye ya tashi ya taɓa 'yan uku ɗaya da ta fara saɓawa tsakanin ɗauka da ɗauka.

Kashi na uku, gyaran amo, a kan gudumar kanta ake yi. Gashin tumaki ne da aka matse da ƙarfi a kan katako, tunanin da Henri Pape ya yi wa rajista a Paris a 1826. Da duka yau da gobe bakinta yana taurara, tsirkiyoyi su yi mata zane uku, muryar ta koma tsawa. Mai gyara yana goge ta da samfefa ya dawo da siffarta, ya soka mata allurai a kafaɗu don ta yi laushi, in kuma ta yi laushi da yawa ya ɗiga mata ruwan da zai taurara ta. Suka ɗaya a wurin da bai dace ba tana iya kashe guduma, kuma ba a janye ta. Vladimir Horowitz amo mai walƙiya yake so, akasin na mutane da yawa. Mai kula da nasa shi ne Franz Mohr, Bajamushen da ya fara da koyon goge irin na Turawa, ciwon hannu ya raba shi da shi, ya zama shugaban masu saitin dandali na Steinway a New York a 1968. Da Horowitz ya koma Mosko a 1986, bayan shekara sittin rabonsa da ƙasar haihuwarsa, da fiyanonsa ya tafi, da kuma Mohr.

Faɗuwar 1971

A 1971 aka aika CD 318 birnin Cleveland don wani ɗaukar sauti da Gould ya soke daga baya. Da aka dawo da shi Toronto, wajen saukewa ya faɗi. Edquist ne ya duba shi, ya tarar firam ɗin ƙarfen ya tsage a wuri huɗu, allon amo, katakon da ke ƙara wa tsirkiyoyi murya, shi ma ya dare.

Kusan komai na fiyano ana iya canza shi. Ana sa sababbin tsirkiyoyi da gudumomi. In ƙusoshi sun yi sako-sako a sa masu ɗan kauri, ko a canza katakon da ke riƙe su. Tsagar allon amo ana cusa mata siririn katako a manne, ko a sa sabon allo. Firam ne abin tsoro, domin ƙarfen zubi ba ya son walda, kuma shi ke ɗauke da tan ashirin ɗin nan. Aka kai fiyanon New York aka sa masa sabon firam. Kafin ya dawo Gould ya ɗauki kiɗan Handel a kan hafsikod, kakan fiyano wanda ke tsinkar tsirkiya maimakon dukanta.

A 1973 Gould ya sayi CD 318 ya zama nasa na kansa, amma bai sake samun abin da ya rasa ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga mai sana'a. Firam shi ke yanke tsayin da tsirkiyoyi za su zauna da inda guduma za ta same su. In ya gusa da milimita ɗaya, duk ma'aunan injin da aka yi shekara goma ana lallaɓawa sun tashi daga inda suke. An yi ta ƙoƙari, ya ci gaba da ɗaukar sauti da shi shekaru, amma da ya zo sake ɗaukar kiɗan Bach ɗin da ya fara fito da shi, a 1981, a kan Yamaha ya yi. Ya rasu a Oktoban 1982 yana da shekara 50. Edquist ya rayu har 2020. Fiyanon yana Ottawa, a cibiyar fasaha ta ƙasa.

Laima da hunturu

Fiyanon da ke faɗuwa daga mota kaɗan ne. Abin da ke cin yawancinsu iska ce. Allon amo siririn katako ne mai ɗan doro, tsirkiyoyi suna danne shi ta kan wata gada. In iska ta yi laima allon ya kumbura, doron ya tashi, tsirkiyoyi su ƙara ɗaurewa, muryoyin tsakiya su hau. In ta bushe allon ya kwanta, muryar ta faɗi. Shi ya sa ko fiyanon da ba a taɓa shi yake fita daga saiti, shi ya sa kuma masu ƙira ke cewa a saita sau biyu a shekara, a riƙe laimar ɗaki wajen kashi 42 zuwa 45 cikin ɗari. Na dandali kafin kowane wasa ake saita shi.

Turawan da suka kawo fiyano ƙasashe masu zafi sun ga tasku. Da Albert Schweitzer ya tafi Lambaréné a ƙasar Gabon ta yau a 1913, ƙungiyar masoya Bach ta Paris ta ba shi fiyano da aka lulluɓe cikinsa da tutiya saboda laima da gara. Masana'antun Ingila sun riƙa ƙera na musamman don ƙasashen da suke mulka, suna ƙara sukurori da ƙusoshi a inda gam kaɗai ke riƙewa, suna sa wa ulun maganin asu. A Legas ko Fatakwal maƙiyin tsatsa ne da kumburin da ke sa maɓallai su maƙale. A Kano ko Sakkwato ko Damagaram abin ya fi haka tsanani, domin laimar da ke haura kashi 70 a watan Agusta tana faɗuwa ƙasa da 20 da hunturu. Katakon da ya kumbura ya matse ƙusoshi da damina, da rani sai ya sake su, shekara bayan shekara, har ramukan su buɗe. Wannan na cikin dalilan da suka sa coci-coci da makarantu da yawa a Nijeriya suka koma wa fiyanon lantarki, wanda ba ya neman mai saiti.

Na'ura ta shigo sana'ar ma. Yau akwai manhajar waya da ke sauraron tsirkiyoyi, ta auna taurinsu, ta lissafa buɗewar da ta dace da wannan fiyano shi kaɗai. Ta sauƙaƙa wa ɗan koyo kafa zangon tsakiya, kuma babu dalilin raina ta. Amma ba ta riƙe sifana, ba ta zaunar da ƙusa, ba ta san inda za a soka allura ba. Ƙungiyar masu gyaran fiyano ta Amurka, wadda aka kafa a 1957, jarrabawa uku take yi kafin ta ba mutum shaida: ta rubutu, ta saiti, da ta gyara da daidaita inji a gaban alƙalai.

Wanda ya gaji tsohon fiyano na tsaye a wata makarantar mishan ko gidan iyaye, tambayar farko ba nawa ne kuɗin saiti ba ce. Mai gyara na kirki zai cire murfin gaba da na ƙasa, ya nemi kashin ɓera da ɓarnar asu a cikin ulu, ya haska bayan allon amo ya ga ko haƙarƙarinsa sun ɓalle, ya duba gada ko ta tsattsage. Sannan ya ɗora sifana a kan ƙusoshi nan da can ya ji riƙonsu. In suna juyawa ba turjiya a layi guda, alama ce katakon ya tsage daga ciki, kuma a na tsaye wannan katako a jikin bayan fiyanon yake manne, canza shi ya fi kuɗin fiyanon. Nan ya kamata ya faɗa wa mai shi gaskiya. In kuwa ƙusoshin sun riƙe, fiyanon da ya shekara goma ba saiti ba a kai shi 440 a zama ɗaya, don duk tsirkiyar da aka ja tana danne allo ta saki maƙwabtanta, masu tsatsa kuma suna tsinkewa. Zagaye na farko na ɗaga murya ne kawai, da sauri. Na biyu shi ne saiti. Sai a janye fiyanon daga jikin taga da bangon da rana ke duka, a sa ranar dawowar mai saiti makonni kaɗan bayan ruwa ya sauka, da kuma bayan hunturu ya kama.